Hadda kaɗai ba ta cin jarrabawar GRE

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da ƙannenmu masu neman gurbin digiri na biyu a Amurka.

Turanci nake koyarwa a Zariya, kuma kusan duk wanda ya zo mini da batun GRE, wato jarrabawar da wasu jami'o'in Amurka ke nema kafin su ba da wannan gurbi, da dogon jerin kalmomi yake zuwa, wani a waya, wani a takarda, yana murna ya haddace su tas. Hadda kam mun iya ta, babu mai ja da mu. Sai dai jarrabawar da ake yi wa wannan shirin ta daɗe da canza kama. Tun 2011 hukumar ETS, mai shirya ta, ta cire tambayoyin kishiyar kalma. Yanzu jimla ake ba ka mai gurbi, ka cike. A wani nau'in ma kalmomi shida za a jera maka, ka zaɓi biyun da za su ba jimlar ma'ana guda, kuma in ka dace da ɗaya ka kuskure ɗaya, ba ka da ko rabin maki.

A nan ne siffofi ke kayar da yaranmu. Ɗauki frugal da parsimonious. A jerin hadda duk biyun "mai tsimin kuɗi" ne, alhali ta farko yabo ce, mai tattali, ta biyu kuwa marowaci ake nufi. In jimla tana yabon mutum ka saka ta biyun, ka yi ɓarna. Haka laconic da reticent: wancan yana magana amma a taƙaice, wannan kuwa cikinsa ne ba ya son buɗewa.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su tara siffofin gida-gida, na surutu waje guda, na rowa waje guda, su rubuta a gefen kowace ko yabo ce ko kushe. Sannan kowace a ɗora ta a kan wani da aka sani. Yarinyar da ta laƙaba wa gwaggonta garrulous, wato mai yawan surutu, har gobe ba ta manta kalmar ba, gwaggon dai ba ta ji labari ba. Sai kuma karatun dogayen sharhunan jaridun Turanci kullum, ido na kan irin su although da despite, domin su ke juya akalar jimla.

Lokaci ma ba ya jira. Daga Satumbar 2023 an taƙaita jarrabawar, ɓangaren harshe ya koma tambayoyi 27 cikin minti 41, maki daga 130 zuwa 170. Mai tsayawa laluben hadda a ka, agogo zai bar shi.

Kafin kowa ya biya kuɗin rajista, wanda ya haura dala 200, ya duba shafin sashen da yake nema tukuna, domin tun zamanin korona sassa da dama sun daina neman sakamakon GRE.

Naka,
Wani malamin Turanci, Zariya