Ba a fafe gora ranar tafiya: amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa taro a Jamus

Assalamu alaikum ƙanwata,

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a taron ƙara wa juna sani na matasan malamai da aka yi a nan Jos, kin miƙe a gaban jama'a kika ce an karɓi maƙalarki a wani taron masana harsunan Afirka da za a yi a Hamburg cikin watan Oktoba. Kika ce ga wasiƙar gayyata a jakarki, amma albashinki na wata uku ba zai sayi tikitin jirgi ba. Sannan kika tambaye ni: "Anti, ta ina zan fara? In ci bashi in tafi, ko in haƙura?" Ana cikin haka aka kira azahar, shugaban taro ya rufe zama. Na lura da yadda ɗakin ya yi tsit lokacin da kike magana, na san tambayar ba taki ba ce ke kaɗai. Shi ya sa na ga ya fi in amsa a fili.

Ki yi shirin tafiya, da gaske kuwa. Amma kada ki ci bashin da za ki shekara kina biya, kuma in ban da abin da neman biza ya wajabta, kada ki sa ko sisi a wurin da kuɗi ba ya dawowa sai fasfonki ya dawo hannunki da biza a ciki.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Tafiyata ta farko da ba ta yiwu ba, zuwa wata ƙasa ce daban, ina da yara biyu ƙanana. Wani ejan ya ce mini tikiti zai tashi in ban biya a makon ba. Na ɗauki sarƙar gwal ɗin da mahaifiyata ta ba ni ranar kai ni ɗakin miji, na kai wa mai gwal, ina tsaye ya ɗora ta a kan ɗan ma'auninsa ya faɗi kuɗi, na karɓa ban ko yi ciniki ba. Na sayi tikiti mai araha, irin wanda ba a canza rana, ba a mayar da kuɗi. Sai bayan haka na je neman ranar kai takardun biza. Fasfona ya dawo kwana huɗu bayan an tashi daga taron. Bizar tana ciki, amma taro ya wuce, tikiti ya ƙone, sarƙa ta tafi. Har yau in na ga irinta a wuyan wata sai zuciyata ta motsa. Kuɗin ya isa, ƙanwata. Abin da na kasa shi ne sanin wanne ake fara yi.

To, yau muna cikin Mayu, kina da wata biyar. Ga mai ƙaramin albashi waɗannan watannin su ne jarinsa.

A wannan makon, tun kafin ki je ko'ina, ki rubuta wa masu shirya taron. Mu malamai muna jin nauyin wannan, muna ganin kamar roƙo ne. Ba roƙo ba ne. Taruka da yawa suna ware tallafin tafiya ga masu zuwa daga Afirka, wasu suna rage musu kuɗin rajista ko su yafe, wasu suna da ɗakunan baƙi na jami'a. Sai dai tallafin yana da ranar rufewa, kuma wanda ya tambaya shi ake ba. Ki faɗi abin da kike nema ƙarara: yafe rajista, masauki, ko wani kaso na tikiti. Ki kuma nemi su sa a wasiƙar gayyata sunanki kamar yadda yake a fasfo, harafi da harafi, da ranakun taro, da abin da suka ɗauka na nauyinki. Idan tallafin irin wanda sai kin kashe a mayar miki ne, ki tambayi yaushe, kuma ta wace hanya, domin alkawarin kuɗi ba ya sayen tikiti.

A gida kuma akwai TETFund, asusun da dokar 2011 ta kafa domin manyan makarantun gwamnati, kuma halartar taro yana cikin abubuwan da yake tallafawa. Ba ke za ki tafi ofishinsu na Maitama ba. Ta hannun makarantarku takarda take bi. Ki je wurin jami'in da ke kula da harkar asusun a makarantarku, ki ji ka'idar bana, ki kai masa wasiƙar karɓar maƙala da maƙalar kanta. A ranar ki shigar da takardar neman izinin tafiya ta hannun shugaban sashenku, don wannan izinin za a nema a wurin biza.

Bari in tsaya a kan bizar, domin nan ne aka fi yin kuka. Jamus tana cikin ƙasashe 29 na yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma dokarsu ɗaya ce. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida a yi tafiya, wato ƙofarki a buɗe take tun Afrilu. A ka'ida suna yanke hukunci cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa 45. Wannan lissafin kuma daga ranar da aka karɓi takardunki yake farawa. Jiran samun ranar kai takardun shi ne dogon layin da ba a gani, musamman a tsakiyar shekara da ɗalibai da masu hutu suke yin cincirindo. Ki shiga shafin ofishin jakadancin da kanki ki nemi rana yau. Kada ki ba wani ɗan tsakiya kuɗi wai zai samo miki.

Ki buɗe fasfonki ki duba. Dole ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ki baro can, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Za a nemi inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, wadda ke aiki a duk yankin. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kuma ba a mayarwa ko an hana. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: dokar ta ce a yafe wannan kuɗin ga mai bincike da zai halarci taron ilimi. Ki nemi hakan a wasiƙarki, amma ki riƙe kuɗin a hannu. Idan kamfanin karɓar takardu ne zai karɓa, shi ma yana da nasa ladan daban. Hoto da hijabi ba matsala, muddin fuska a buɗe take daga haɓa zuwa goshi.

Bayanin asusun banki kuwa, kada ki bari wani ya zuba miki miliyoyi ana saura mako guda don asusu ya yi kyau. Masu dubawa sun fi mu sanin wannan dabara. Albashin da ke shiga wata-wata, da takardar biyan albashi, da wasiƙar makaranta cewa aikinki yana jiranki, sun fi kuɗin aro nauyi a idonsu. Ki haɗa komai tsaf tun karon farko, domin daga 1 ga Yulin 2025 Jamus ta daina karɓar takardar ƙorafi da a da ake kai wa ofishin jakadanci in an hana mutum. Yanzu sai dai sabon nema da sabon biya, ko kotu a Balin. Tikiti da otal kuma, a wannan matakin ajiyar wuri kawai ake buƙata, irin wadda za ki iya sokewa ba tare da asara ba.

Kasafinki ki rubuta shi da Yuro, kada ki rubuta da naira. Mun ga abin da ya faru: a Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafi da naira a tsakanin nan ya wayi gari kuɗinsa bai kai rabin abin da yake nema ba. Duk abin da kika tara, ko kwasar adashi ce, ki mayar da shi kuɗin waje kaɗan-kaɗan. Ki tambayi bankinku batun PTA, wato kuɗin waje da banki ke sayar wa matafiyi don guzuri, wanda iyakarsa dala 4,000 ce a wata uku, kafin ki nufi 'yan canji na Wuse Zone 4. Ki kuma tambayi iyakar abin da katinki zai iya biya a waje. Mutane suna rubuta tikiti, rajista da masauki su tsaya. Su manta da zuwa Abuja ko Legas kai takardu, da kwanan da za a yi a can, da inshora, da buga takardu, da jirgin ƙasa, da abincin dare wanda taro ba ya bayarwa, da abin da za a bar wa gida. Bayan kin haɗa jimla ki ɗora kashi 15 cikin ɗari. Ni ban taɓa dawowa da wannan ƙarin cikakke ba.

In biza ta fito, sai tikiti. Daga Abuja akwai jirgi kai tsaye zuwa Farankfot, tafiyar wajen awa shida, akwai kuma masu bi ta Istanbul ko Doha. Araha ba ta ado: in kika ga mai sauƙi da ya bi ta Landan, ki sani ɗan Najeriya yana buƙatar bizar wucewa ta Ingila ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, kuma bizar Shengen ta gajeren zama ba ta isar masa. Ki isa Hamburg ana gobe taro, ba ranar ba.

Mu mutanen Jos muna da ƙarin zango. Kada ki taɓa barin Jos ranar da jirginki zai tashi, ko da na dare ne. Tirela ɗaya ta faɗi a Hawan Kibo, ko cunkoson Mararaba da Nyanya ya kama ki, shi ke nan. Jirgin sama na filin Heipang ma kada ki jingina da shi a ranar. Ki sauka Abuja ana gobe, ki kwana wurin 'yan uwa. Wasiƙar gayyata, inshora, adireshin masauki da tikitin dawowa su zauna a jakar hannu, a takarda, domin jami'in kan iyaka yana da ikon neman su ko da kina da biza.

Sauran ƙanana ne. Sanyin Jos ya koya miki wani abu, amma na Hamburg da iska da yayyafi yake zuwa. Rigar sanyi mai kauri a gwanjon kasuwar Katako ta fi ki saya da Yuro. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, fulogin cajarki mai ƙafa uku ba zai shiga ba sai da adafta. Daga filin jirgi jirgin ƙasa S1 zai kai ki babbar tasha cikin minti 25. Babu mai tsare ƙofa, amma in aka kama ki ba tikiti tarar Yuro 60 ce. Ran Lahadi shaguna a rufe suke, sai na tasha. Kalmar Schwein a jikin abinci alade ne, shagunan Turkawa kuma suna ko'ina. Ga sauƙin kasaru da Allah Ya yi wa matafiyi.

Maganar gida ki fara ta yanzu. Ki zauna da maigida da wadda za ta riƙe yara, ki nuna musu ranaku da lissafi. Ki shirya da abokin aiki kan darussan da za ki rasa.

Ki sa wa kanki rana, a ce ƙarshen Agusta. Idan ta zo abin da ke hannu da alkawarin da yake a rubuce sun rufe mafi yawan kasafin, saura ɗan giɓin da za ki iya biya cikin wata biyu ko uku, to rancen ƙungiyar ma'aikata marar ruwa ko na ɗan uwa ba laifi ba ne. Idan kuwa giɓin ya kai a sayar da fili ko a taɓa kuɗin makarantar yara, ki rubuta wa masu taro da wuri, ki nemi gabatarwa ta intanet, ko ki janye cikin mutunci. Maƙalar tana nan, za ta shiga mujalla, kuma sunanki zai zauna da kyau a wurinsu har wani taron.

Ina so ki je, wallahi ina so. A Jami'ar Hamburg ana koyar da Hausa, kuma garin ne mahaifar Heinrich Barth, Baturen nan matafiyi da ya shigo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim. Sun daɗe suna zuwa suna rubuta mu. Ya kamata su ji daga bakinmu. Minti 20 za a ba ki a kan mumbari, don haka ki gwada maƙalar da agogo a gaban abokan aiki kafin ki tafi. Amma ribar tafiyar tana wurin shan shayi. Ki duba jadawali tun daga gida, ki zaɓi mutum uku da aikinsu ya shafi naki, ki aika musu imel cewa kina son ganinsu.

Ranar Litinin bayan darasin ƙarfe goma ina ofis. Ki zo da fasfonki da wasiƙar gayyatar, mu rubuta wa masu taron tare, mu nemi ranar biza kafin ki tashi. Adaftata tana cikin durowa, zan ba ki aro. Ki gaida maigida da yara.

Wassalam,
Yayarki a aiki,
Jos