Sanarwa kan sautin talla da na koyon sayarwa

Assalamu alaikum ƴan uwa mata, hajiyoyi da antocinmu, barkanmu da warhaka.

Na tura sauti guda biyu a wannan gurup ɗin jiya da dare. Na farko na koyo ne, yadda za ki yi sallama a ƙofar gida, ki gabatar da man shafawa da hoda da turare ba tare da kin takura wa matar gida ba, don Allah kowa ta saurara har ƙarshe kafin Asabar, ba a ji rabi a ajiye ba.

Na biyun talla ce da Hausa da Twi, ita za ku riƙa tura wa kwastomomi. Amma kar wadda ta ƙara nata zance a ciki ta ce mai yana sa fari, kun san tun 2016 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, ta hana kayan shafa masu hydroquinone, sinadarin da ke sa fata fari, ba ma son rigima.

Ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu a Aboabo inda muka saba, kowa ta zo da wayarta da caji, za mu ɗauki sabuwar murya. Kuɗin mai haɗa sauti sidi 10 ne kowa, a tura ta MoMo.

Allah ya kawo kasuwa mai albarka. Na gode ƙwarai.