Wasiƙa zuwa ga Malam Sani a Kumasi

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni dalilin da ya sa tazarce ya faɗi a Najeriya a 2006, amma ya wuce a Nijar a 2009, alhali kundin tsarin mulkin kowace ƙasa ya ce wa'adi biyu kawai. Abin dubawa a nan shi ne wa aka ba alhakin tare shugaba, kuma ko shugaban yana da ikon kawar da shi.

Kundin Najeriya na 1999, a sashe na 137, ya hana wanda aka zaɓa shugaban ƙasa sau biyu sake tsayawa. Gyara wannan sai an bi sashe na 9: kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa, wato 73 cikin 109, da kashi biyu cikin uku na Majalisar Wakilai, 240 cikin 360, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su amince. Ana ƙirgawa ne da dukan kujeru, ba da waɗanda suka halarci zama ba, don haka wanda ya ƙi zuwa tamkar ya ce a'a ne. Sanatoci 37 sun isa su kashe magana. Magoya bayan Shugaba Obasanjo sun cusa tazarcen cikin ƙudirin da ke ɗauke da gyare-gyare sama da ɗari, da zaton masu son sauran za su haɗiye shi tare. Ken Nnamani, shugaban Majalisar Dattawa, ya bari aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya yi magana mutanen mazaɓarsa na kallo. Ranar 16 ga Mayu 2006 aka yi watsi da ƙudirin gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Kuma shugaban Najeriya ba shi da ikon rusa majalisa. Sai ta cika shekara huɗu.

A takarda, katangar Nijar ta fi tsawo. Sashe na 36 na kundin 1999 ya kayyade wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, sashe na 136 kuma ya haramta taɓa shi kwata-kwata. Shi ya sa Shugaba Mamadou Tandja bai nemi gyara ba, ya ce sabon kundi zai kawo ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Ranar 25 ga Mayu 2009 Kotun Tsarin Mulki ta ce hakan ya saɓa wa doka. Washegari ya rusa majalisa, wanda kundin ya ba shi dama. Ranar 12 ga Yuni kotun, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke dokar kiran ƙuri'ar. A 26 ga wata Tandja ya ɗauki ikon gaggawa na sashe na 53, a 29 ya sallami alƙalan, duk da cewa kundin ya hana a cire su kafin wa'adinsu ya cika.

Lura da jerin matakan, don a nan dabarar take. Majalisa ce ke sa ido kan ikon gaggawa, sai aka fara kawar da ita. Da aka zo kan kotu, babu sauran mai cewa uffan a hukumance. Kotu ba ta da soja ko ɗan sanda, hukuncinta yana aiki ne idan masu riƙe da bindiga da baitulmali sun bi shi. An yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, 'yan adawa suka ƙaurace, aka sanar da cewa sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince, Tandja ya samu ƙarin shekara uku. ECOWAS ta dakatar da Nijar a Oktoba. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi. Masu murna da wannan ban bi su ba: sojan da ya cire mai karya kundi, shi ma jingine kundin yake fara yi.

Kada ka ɗauka Najeriya ta tsira. Sashe na 305 ya ba da dokar ta-ɓaci ta wata shida bisa amincewar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, amma bai ambaci dakatar da gwamna ba. Duk da haka an dakatar da Joshua Dariye na Filato a Mayun 2004, majalisa ta sa albarka.

Tunda kana Ghana, ka duba kundinku na 1992. Sassan da aka killace, ciki har da wa'adin shugaba, ba sa gyaruwa sai da ƙuri'ar raba gardama wadda aƙalla kashi 40 na masu rajista suka fito, kashi 75 na waɗanda suka jefa suka amince. Ka rubuto mini yadda ake cire alƙalin Kotun Ƙoli a can, da wanda ke naɗa kwamitin binciken, ina son in gwada da sashe na 292 na nan.

Ka gaida Hajiya da yara, da mutanen Zango.

Naka,
Abdullahi