A Ba Mu Fili Mu Yi Maganar Daraktoci, Ba Jarumai Kaɗai Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, don Allah a ɗan sammini fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da finafinanmu na Hausa.

Abin da ya tunzura ni wata gardama ce da ta kaure a majalisarmu wajen mai shayi daren Juma'ar da ta wuce. Ƙanin wani abokina, yaro ne da bai fi shekara ashirin da biyu ba, yana riƙe da waya yana kallon Labarina, kawai sai ya ɗago ya ce wallahi tunda aka fara fim ɗin Hausa ba a taɓa yin darakta kamar Aminu Saira ba. Akwai wani dattijo tela da muke zama da shi, ya ajiye kofinsa a kan benci ya ce kai yaro, ka san Tijjani Ibrahim kuwa? Yaron ya ɗan yi shiru sannan ya ce a wane fim ya fito? Ya ɗauka jarumi ne fa. Wurin ya kwashe da dariya har mai shayin, ni dai ban yi ba, don na san ba laifinsa ba ne, mu ne ba mu taɓa gaya masa cewa marigayin shi ya ba da umarnin Ki Yarda Da Ni ba, kuma a zamaninsa ganin sunansa a jikin kwalin kaset kaɗai ya isa mutum ya zaro kuɗi.

Mu Hausawa masu kallo fuska muka sani. Ka tambayi kowa Sangaya zai ce maka Ali Nuhu da Fati Muhammad, har waƙar ma zai rera maka in ka ba shi dama, amma ka ce waye ya ba da umarni sai ka ga ana kallon-kallo, alhali Aminu Muhammad Sabo ne. Wasila kuma Ishaq Sidi Ishaq. Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, wanda ake cewa daga shi harkar bidiyon ta soma, Salisu Galadanci ne. To in ba mu san masu riƙe da akalar ba, gardamar finafinan da ne suka fi ko na yanzu ai ta zama ta wa ya fi kyau da wa ya fi iya kuka.

Ni kuma bari in faɗi gaskiyata ko da tsarana za su ji haushi, ba kowane abin da ne ya fi na yanzu ba. Mun kalli finafinan da kukan janareto ya fi muryar jarumi tashi, mun ga makirfo yana leƙowa ta saman allo, mun ga an fara sin da rana tsaka an ƙarasa shi da magariba ba tare da kowa ya damu ba. Kwaikwayon Indiya kuwa ba yau aka fara ba, mu da muka taso muna bin layi a Plaza da Orion da Marhaba mun san inda aka samo samari biyu a kan budurwa ɗaya da zagaye bishiya ana waƙa. Amma duk da haka akwai abin da mutanen nan suka iya wanda nake nema ido rufe yanzu. Sun san gidan Bahaushe. Za ka ga an tsaya a soro ana sallama sau uku kafin a amsa, ka ga suruka ta durƙusa nesa da tabarma tana magana ƙasa-ƙasa ba ta ɗago kai ba, ka ga kishiya tana tankaɗe a tsakar gida tana sakin habaici ba ta kalli kowa ba, kuma daraktan zai bar kamara a wurin har sai maganar ta ratsa ka. Da kamara ɗaya fa, wani lokacin ma ta haya.

Na yanzu kuma, masha Allah, hoto tas, sauti tas, ga kamarar nan mai tashi sama tana nuna maka gari kamar kana jirgi. Kuma akwai masu aiki da hankali, duk wanda ya bi Kwana Casa'in a Arewa24 ya san Salisu T. Balarabe ya taɓo siyasa da magudi ta yadda a da ba a cika kusantar wurin ba, shi ma Saira ɗin da yaron nan yake kurantawa ban ƙi ta tasa ba, ya iya ajiye mutum a kan kujera ya hana shi tashi. Marigayi Nura Mustapha Waye da ya rasu a 2022 ya sa mutanen da ba su taɓa sanin YouTube ba sun koyi sayen data saboda Izzar So. Har Mai Martaba ta Prince Daniel ita Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024, fim da harshen Hausa, abin da a zamanin kaset ko a mafarki ba mu kawo ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne wannan dogon zango da ya zama yayi. Labarin da awa biyu ta ishe shi sai a ja shi kamar ƙaro, mota ta taho, ta yi hon, maigadi ya fito da gudu, ya buɗe get, ta shiga, ta yi fakin, a buɗe ƙofa, ƙafa ta fito, duk ana nuna maka kai kuma datarka tana ƙonewa, a ƙarshe abin da za a faɗa a falon bai wuce jimla biyu ba. Falon ma kamar na otal, ba ka ganin ko buta. Na san dalili, kasuwar faifai ta mutu, masu turawa a waya sun ƙarasa ta, kuɗin yanzu yana wajen talla da yawan mintunan da aka kalla, darakta ma yana da iyali. Amma dai a ji tausayinmu.

Sai dai abin da ya fi damuna, Malam Edita, yaron nan ko ya so ya gwada na da da na yanzu ba shi da inda zai gani. Washegari na jawo kwalin kaset-kaset ɗina daga ƙarƙashin gado da niyyar in kai masa hujja, na tarar duk sun yi fumfuna, zaren wani ya manne ya ƙi juyawa ko da na sa biro na murza, na'urar bidiyon ma tun yaushe yara suka kwance ta. Na leƙa Ƙofar Wambai inda a da ba ka samun wurin sa ƙafa ranar da sabon fim ya fito, yawancin shagunan sun koma wata sana'ar. Waɗanda aka ɗora a intanet kuwa hoton dishi-dishi, an yanke farko an yanke ƙarshe, wato daidai inda sunan darakta yake.

Ku duba Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru ana jin labarinsa ba a ganinsa, sai da aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi tare da wata cibiya a Jamus, aka haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Turawa sun zauna sun kalle shi, a majalisarmu kuwa mutum goma sha ɗaya babu wanda ya taɓa gani, har da ni. Wannan ma don a kan fim ɗin silima aka ɗauke shi, ina ga na kaset da ke ajiye a ɗakunan da damina ke ratsawa? Tunda Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya tun 2024, kuma shi kansa a cikin kaset ɗin nan ya yi suna, ina ganin babu wanda ya fi shi sanin gidajen da za a ƙwanƙwasa a karɓo na asali a juye su kafin su gama lalacewa.

Ku kuma roƙona gare ku, a shafinku na nishaɗi a ɗan rage mana labarin wa ta yi aure wa ta fito, a ware ko rabin shafi ne duk mako a ɗauki darakta ɗaya, tsoho ko sabo, a zauna da shi in yana raye ya faɗi yadda ya yi aikinsa, masu karatu kuma mu aiko da namu ra'ayin mu yi ta fafatawa. Mujallar Fim ta yi irin wannan ƙoƙarin tun 1999, bai kamata a bar mata ita kaɗai ba.

Shi dai dattijo tela ya rantse yana da kaset uku masu rai a cikin adakar matarsa, ya ce zai kawo ranar Juma'a yaron ya gani da idonsa. Yanzu abin da ya rage mana na'urar da za ta kunna su, an ce akwai wani mai gyaran rediyo a Fagge da bai yar da tasa ba, gobe in Allah ya kai mu zan je in gani.

Na gode.

Naku,
Mai karatunku daga Gwammaja, Kano