Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mandy Gull-Masty, Ministar Kula da Hidimomin 'Yan Asalin Kanada

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Bahaushe ne mazaunin lardin Manitoba, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar cibiyoyin warkar da raunin zuciya waɗanda al'ummun asalin wannan ƙasa suke gudanarwa da kansu.

Ke 'yar ƙabilar Cree ce, kin riƙe shugabancin mutanenki kafin a ba ki wannan kujera, don haka ba sai na faɗa miki abin da makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka tilasta wa yaran 'yan asalin ƙasa shiga suka yi ba. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu, aka hana su harshensu, aka koya musu jin kunyar asalinsu, har jikokinsu suka gaji wannan ciwo a shaye-shaye da rushewar gidaje da kashe kai. Tunda ta hanyar ƙwace al'ada cutar ta shiga, ina ganin ba za a kore ta da ƙwayar asibiti kaɗai ba.

Akwai hujja a kan haka. A 1998, masu bincike Michael Chandler da Christopher Lalonde sun gano cewa a lardin British Columbia, garuruwan 'yan asalin ƙasa da suke riƙe da ragamar makarantunsu da kiwon lafiyarsu da wuraren raya al'adunsu ba sa fama da kashe kai tsakanin matasa kamar sauran. A nan Manitoba kuwa, mutanen Hollow Water da ke gabashin Tafkin Winnipeg sun tunkari matsalar cin zarafi a cikin iyali tun shekarun 1980 ta hanyar zaman da'ira: mai laifi ya amsa laifinsa a gaban dattawa da dangi, a tsaya wa wanda aka zalunta har ya samu natsuwa, sannan a bi mai laifin da sa ido na shekaru. Duk wanda ya taso inda ake sulhu a zauren mai unguwa ya san nauyin amsa laifi a gaban mutanen da za ka ci gaba da zama da su, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba irin wannan aiki kuɗi. A 1998 an kafa gidauniyar Aboriginal Healing Foundation, mai tallafa wa ayyukan warkar da waɗanda makarantun kwanan suka cutar, da dalar Kanada miliyan 350, amma a 2010 gwamnati ba ta sabunta tallafinta ba, ta rufe a 2014, alhali mutane da dama sun fara buɗe bakinsu ke nan bayan shiru na tsawon rai. Shekara guda bayan haka, hukumar gaskiya da sulhu da ta binciki makarantun kwanan ƙarƙashin marigayi Murray Sinclair ta fitar da buƙatu 94. Ta 21 ta nemi tallafi mai ɗorewa ga cibiyoyin warkarwa, ta 22 ta nemi a amince da hanyoyin maganin gargajiya a yi aiki tare da dattawa idan majinyaci ya buƙata.

Roƙona shi ne ki tsaya kai da fata a ware wa waɗannan cibiyoyi kuɗi na shekaru masu yawa, a damƙa tsarawa a hannun al'ummun, a kuma riƙa biyan dattawa da malaman harshe haƙƙinsu kamar yadda ake biyan sauran ma'aikatan lafiya.

Ki huta lafiya.

Naki cikin girmamawa,
Wani mazaunin Winnipeg