Barka da Sallah daga Liyon, da labarin Abba a kan dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum Inna,

Barka da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da duk wanda ya shigo gaishe ki yau. Baban Abba yana miƙa gaisuwa, yaran ma haka. Na san Yaya ne zai karanta miki, to Yaya ka yi haƙuri, takardar da ɗan tsawo, kuma akwai sunayen da za su karya maka harshe.

Inna, kina bina bashin magana. Ranar da na ce miki za mu kai yara kan dutse wasan zamiya a dusar ƙanƙara, shiru kika yi, can kika ce, "Har da Abba? Ki ji tsoron Allah, yaron da ba ya taka ƙafa." Ban amsa ba, don ni ma a lokacin hankalina bai kwanta ba. Mun je a hutun makaranta na Fabrairu, mun dawo ana saura kwanaki a kama azumi, kowa lafiya lau. Na ajiye labarin ne ya zama goron Sallarki.

Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne, bara ma mun je, kuma mun sha kashi. Hoton wani masauki na gani a intanet, an rubuta wai mai keken guragu zai iya zama, na biya ban tambayi komai ba. Da muka isa, matakala huɗu ne kafin a kai ga lif, ƙofar banɗaki kuma keken ya ƙi shiga. Malamin da ya iya koyar da irin su Abba an riga an kama shi. Kwana biyar babansa na goyonsa hawa da sauka, shi kuwa ya wuni a taga yana kallon ƙannensa suna birgima a waje. Ko sau ɗaya bai yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Shi ya sa bana ban fara da kallon hoton duwatsu ba. Tef ɗin awo na ɗauko na auna faɗin keken, santimita 62, na rubuta a takarda na manna kusa da waya. Duk inda na buga, tambayoyina ke nan: nawa ne faɗin ƙofar banɗaki? Wurin wanka a shafe yake da ƙasa ko sai an ɗaga ƙafa? Daga bakin ƙofa zuwa inda malamai ke taruwa da safe, taku nawa ne, kuma ana share hanyar? Wanda ya ce mini "kada ki damu, Madam" ba tare da ya ba ni lamba ba, sai in yi masa godiya in ajiye waya. A nan Faransa akwai tambari biyu da ake ba wurare: Famille Plus ga garuruwan da suka tanadi abubuwan yara, da Tourisme et Handicap ga masaukin da aka duba aka ga ya dace da masu naƙasa. Sun rage mini yawo, amma wayar ce ta raba gardama.

Kowa ka tambaya sai ya ce Chamonix, garin da aka fara wasannin Olimfik na hunturu a 1924, a gindin Mont Blanc mai tsawon sama da mita 4,800. Sai dai filayen zamiyarsa a warwatse suke cikin kwari, kullum sai an hau bas da yara uku da keke. Na soke shi. Avoriaz ya fi shiga raina, don mota ba ta shiga garin sam, dawaki ne ke jan mutane, yaro ya yi ta gudunsa ba fargaba. Amma titunan kansu dusar ƙanƙara ce, abin da ke burge kowa ke nan, kuma shi ne tayar keke ke nutsewa a ciki. Val Thorens kuwa yana kan mita 2,300, babu wurin zamiya a Turai da garinsa ya kai shi bisa, ba bishiyar da za ta tare iska. Na tuna ƙafafun Abba ba sa jin sanyi balle ya faɗa, na wuce.

A ƙarshe La Plagne muka zaɓa (Yaya, "La Filanyi" za ka ce, sai ka yi kusa). Ita ma ba a ƙasa take ba, unguwar da muka sauka ta kusa mita 2,000. Abin da ya ja ni, shaguna da wuraren cin abinci a haɗe suke ta rufaffun baranda, Abba ya tura kekensa da kansa a busasshiyar ƙasa ya sayo biredi. Na biyu kuma, mun samu malami, don tun Oktoba na kama shi. Makarantar koyar da zamiya ta masu jajayen kaya, ESF, wadda aka kafa a 1945, tana kusan kowane dutse, amma ba kowane malaminta ne ya yi horon koyar da masu naƙasa ba. Wanda ya yi, a hutun Fabrairu rububinsa ake.

Kayan zamiyar a zaune iri-iri ne. Akwai tandam, wanda mutum zai zauna kawai, malami ya tsaya a baya yana tuƙi. Ya dace da wanda hannuwansa ma ba su da ƙarfi, ko tsoho, har na ce da kina nan da shi za a ɗora ki. Da aka nuna wa Abba, ya ɗaure fuska ya ce shi ba buhu ba ne. Sai aka kawo masa duwalsiki: kujera ce mai kama da kwarya, an ɗaure ta a kan sandunan zamiya biyu, a kowane hannu kuma yana riƙe da gajeren sanda mai ɗan takalmin zamiya a ƙasa, da su yake juyawa yake tsayawa. Malamin yana biye, riƙe da ƙarfe a bayan kujerar. In za a hau kujerun da ke tafiya a kan waya zuwa saman dutse, sai a ɗaga tasa kujerar, ma'aikaci ya rage gudu, ta wayar ta shigo ta ƙarƙashi ta ɗauke shi. Ranar farko rufe ido na yi ina salati.

Hanyoyin launi-launi ne, kore ta 'yan koyo, sai shuɗiya, ja, baƙa kuma ta waɗanda suka gaji da duniya. Rana ta uku ina tsaye a gindin koriyar, na hango su suna saukowa. Sai na ga malamin ya ɗaga hannuwansa biyu sama yana nuna mini. Ya saki ƙarfen, Inna, Abba bai ma sani ba. Ya karya dama, ya karya hagu, harshe a waje kamar yadda yake yi in yana lissafi. Da ya waiga ya ga ba kowa a bayansa sai ya kife ta gefe, baki cike da ƙanƙara, yana ta dariya yana cewa kada a taɓa shi, zai tashi da kansa. Bai iya ba, sai da aka ɗaga shi, amma kafin sati ya ƙare ya sauko shuɗiya. Ni kuwa da ƙafafuna biyu ban bar kore ba, kuma har yau ƙuguna yana tuna mini. Auta tana ajin 'yan shekara uku zuwa sama, ta samo lambarta ta manna a riga, ba ta yarda a wanke.

Tsoronki na sanyi gaskiya ne, ban raina shi ba. Kowace azahar da dare sai na cire masa safa na duba yatsunsa da fatar mazauninsa, don wanda ba ya jin ƙafa sanyi kan ci shi bai sani ba, kujera mai matsi kuma tana jawo gyambo. Awa biyu kawai yake yi a waje, ya shigo ya ɗumama. Ranar wurin ma mugu ce, farin ƙanƙara na mayar da haske cikin ido, kowa da baƙin tabarau.

Kuɗi kam an kashe, Fabrairu ce mafi tsada. Katin naƙasar Abba ya sa an rage mana kuɗin tikitin hawa. Baban Abba kuma sai da ya sayi sarƙar taya, don doka ce a yankunan duwatsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ko sarƙa ko tayar hunturu. Ya ɓata rabin awa a gefen hanya yana kokawa da ita, ban ce komai ba.

Cikin azumin nan aka yi gasar Paralimfik ta hunturu, wato Olimfik na masu naƙasa, a Italiya, wadda aka fara tun 1976 a Suwidin. Abba ya kafa wa talabijin ido, ya ga masu zama a kan sandan zamiya ɗaya tak suna gudu kamar mota, har da makafi suna bin muryar ɗan jagora. Yanzu cewa yake baɗi sanda ɗaya zai hau. Na ce masa sai ya nemi izinin kakarsa.

Na tura hotuna da bidiyo wayar Yaya. Ki kalli na uku, inda malamin ya ɗaga hannu. Za mu bugo bayan la'asar ɗinku, ki shirya masa amsa, don tun asuba yake haddace abin da zai faɗa miki.

'Yarki,
Maman Abba