A Yaba wa Masu Horar da Yara Hokin Ƙanƙara

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in yaba wa 'yan sa-kai masu horar da yara wasan hoki na ƙanƙara ba tare da karɓar ko kwabo ba. Wasan yana da tsada, domin kowane yaro sai ya samu takalman zamiya, sanda, hular kwano da kayan kare jiki, shi ya sa tattara kayan da manya suka daina amfani da su a ara wa ƙanana yake buɗe ƙofa ga 'ya'yan marasa hali, maza da mata.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke raba yabo. Mai jefa ƙwallo a raga kowa ya san shi, amma waɗannan masu horarwa suna karrama mai tsaron gida, da mai miƙa wa abokinsa, har da wanda ya sha faɗuwa kafin ya iya tsayuwa a kan ƙanƙara. Sai a 1958 ne baƙar fata na farko, Willie O'Ree, ya buga gasar NHL, wato babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, don haka jawo kowa cikin wannan wasa aiki ne da ke buƙatar iyaye su riƙa ba da lokacinsu.

Naka,
Wani mai karatu